Ranar da Shayin Malam Sabi'u Ya Daskare

Mu huɗu ne a ɗakin maganin dabbobi na ƙungiyarmu da ke Garo a wannan Talatar, duk wanda kuma ya ce muku yana wurin bayan mu huɗun nan, labari ya ji. Akwai Malam Sabi'u, jami'in lafiyar dabbobi, shi ne shugaban ɗakin. Makiyaya Likita suke ce masa, ko da yake kullum sai ya ce bai kai nan ba. Akwai Ardo Manu na wajen Gude, wanda yake tara mana masu shanu in za a yi allura. Shi wannan taubashina ne, ɗan kawuna, don haka bakinsa ba ya hutawa a kaina, nawa ma ba ya hutawa a kansa. Akwai Injiniya Bilkisu ta Gwarzo, wadda ta haɗa mana akwatin da ke gadin firij. Sai ni Dije, da kuke kira Inna Mai Makulli. Ranaku da yawa na aikin nan sun shige mini duhu, amma wannan ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta daga farko har ƙarshe.

Ban yi makaranta ba, kun sani. Wannan ma faɗa nake Bilkisu tana rubutawa, kuma na kafa mata sharaɗi: inda na zo kan kuskurenta ba za ta rage ko kalma ɗaya ba, zan sa wani ya karanta mini in ji. Ku sababbin ma'aikata nake yi wa, don na ga kuna kallon fitilar akwatin nan kamar ita ta haife ku.

Bari in fara da aikin kansa, saboda wanda bai sani ba. Da shara na fara a ɗakin nan. Da aka kawo firij mai aiki da hasken rana, aka rasa wanda zai riƙa zuwa safe da yamma ba fashi, har Juma'a har ranar Sallah, sai aka miƙo mini makulli. Guda ɗaya ne, yana ɗaure a bakin zanena. A cikin firij ɗin ake ajiye kwalaben allurar shanu, musamman ta harbin daji, cutar nan da ke kumbura wa ɗan bijimi cinya ta kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin ruwa ya sauka ake rigakafinta. Wannan allura tana son sanyi, amma ba ta son ƙanƙara. In zafi ya buge ta, ta lalace. In ta daskare ma ta lalace, kuma wannan ya fi muni, don tana narkewa sai ta koma kamar ba abin da ya same ta. Ka yi wa saniya, mai ita ya tafi yana godiya, alhali ruwa ka tsira mata.

Dokar ɗakin a rubuce take a jikin bango, an karanta mini har na haddace. Ta farko, ba a saka komai a firij sai magani. Da wannan dokar na taɓa fitar da robar zoɓon Malam Sabi'u da kansa na ajiye masa a kan tebur, ya sha abinsa da ɗumi. Ta biyu, in akwatin gadi ya nuna sanyi ya wuce iyaka, duk abin da ke cikin firij a ranar za a binne shi a ramin bayan ɗaki, mai makulli kuma ya ajiye makulli har a gama bincike. Ni kuwa na san yadda irin wannan bincike yake ƙarewa ga tsohuwar da ba ta iya rubuta sunanta ba.

Shi akwatin gadin bai fi kwalin sukari ba. Yana maƙale a bango, da wata waya siririya da ta shiga cikin firij tana jin sanyi. Yana da gilashi mai nuna lamba, da fitila: kore lafiya, ja ba lafiya. Duk bayan minti goma sha biyar yana auna sanyin ya riƙe a ransa, ko da ba kowa a wurin. Ma'aunin yana da wani wuri da ake kira sifili, nan ruwa yake fara zama ƙanƙara. In sanyin bai kai nan ba, lamba ita kaɗai take fitowa. In ya wuce nan ya yi ƙasa, sai ka ga wata 'yar sanda a kwance a gaban lambar. Huɗu na sama da huɗu na ƙasa kamarsu ɗaya, wannan 'yar sandar kaɗai ta raba su. Kuma da zarar akwatin ya ga sanda sau ɗaya, fitila ta koma ja ke nan, ba ta komawa kore sai shugaba ya mayar da ita. Ban iya karatu ba, amma idona ya saba da lambobin nan kamar yadda ya saba da fuskokin mutanen unguwa. Huɗu na fi sani, mai kama da kujera a kife, don nan firij ɗinmu yake zama in yana lafiya.

Tsohon akwatin ya yi shekaru yana aiki, sai gilashinsa ya mutu. Irinsa ya ƙare a kasuwa, Bilkisu ta samo wani ƙirar daban, ta zuba masa umarnin da ta rubuta wa tsohon, abin da suke kira manhaja. Ranar Litinin da yamma ta zo ta maƙala. Fitila kore. Na kulle, muka tashi. Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗuwa ta gabas yana watsewa, kuma Laraba aka sa za a fita allura.

Talata da safe ina buɗe ƙofa jar fitila ta tare ni.

Ban taɓa firij ba, na tsaya na jira Malam Sabi'u, don kada a ce na gyara wani abu. Ya iso da kofin shayinsa mai marfi, Ardo Manu na biye da shi, ya zo a tsara yadda za a raba masu allura gobe. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba Malam ya ga fitilar. Ya ajiye shayi, ya danna maɓallin da ke nuna abin da ya wuce.

"Huɗu ƙasa da sifili," in ji shi. "Inna, wa ya murɗa maɓallin firij jiya?"

Na ce, "Babu."

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya."

"Yana hannun wa?"

Na ce, "Malam, in kana da magana ka faɗe ta, kada ka tsaya kana zagaye ni kamar mai taya saniya a kasuwa."

Ardo ya kwashe da dariya. Ya ce, "Likita, ai na daɗe ina gaya muku. An ɗauki injin Nasara an ba tsohuwar da ko alif ba ta sani ba. Dije, ko kin zaci murhu ne kika ƙara masa itace?"

Na ce, "Kai da ba ka iya amsa wayarka sai ta gaji ta katse, kai ne za ka yi maganar inji?"

Amma dariyar ba ta daɗe ba, don Malam ya ɗaga kai ya dubi dokar da ke bango. Ardo ya gane. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Likita, tsaya. Na riga na aika ruga-ruga. Mutanen Kutama ma sun ce za su gangaro da nasu. Akwai waɗanda suka fasa tafiya kiwo mai nisa saboda gobe. In na koma na ce babu, baɗi ko rantsuwa na yi ba wanda zai fito."

Malam ya ce, "In na ba su allurar da ta mutu, shanu suka fara faɗuwa da damina, ba baɗi ba, har abada ba za su fito ba."

Gaskiya ya faɗa, ku riƙe wannan. Malam Sabi'u ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsoron abin da ya kamata a ji tsoro. Ya juyo ya miƙo mini hannu, ba tare da ya haɗa ido da ni ba. Makulli yake nufi.

Na ce, "Zan ba ka. Amma da hannuna zan buɗe firij ɗin nan sau ɗaya tukuna, kana kallo."

Na buɗe, na zura hannu can ƙurya ta baya, bayan kwalayen ƙasa, na fito da wani ɗan kwanon sha. Ruwa ne rabinsa, da reshen ganyen zogale a gicciye a bakinsa.

Malam ya zaro ido. "Mene ne wannan?"

"Ruwa."

"Inna! Ke da kika fitar mini da zoɓo? Tun yaushe wannan yake ciki?"

"Tun makon da aka ba ni makulli."

Ardo ya dafa bango yana dariya. "Ka ga munafuka! Shekara da shekaru tana karanta wa mutane doka!"

Na ce, "Zoɓon Malam na sha ne, wannan na aiki ne. Sa yatsa, Malam. Akwai ƙanƙara?"

Ya sa yatsa. Ruwa ne mai sanyi, ba komai. Amma Malam mai karatu ne, ya ce, "Ƙanƙara tana narkewa, Inna. Ta iya daskarewa da asuba ta narke kafin ki zo."

Na ce, "Shi ya sa nake ɗora ganye. Ruwa yana mantuwa, ganye ba ya mantawa. Jiya da yamma na tsinko wannan a zogalen bayan ɗaki, kullum sabo nake sawa. In ƙanƙara ta taɓa shi sau ɗaya zai yi baƙi ya langaɓe kamar an dafa shi, kuma ba ya tashi. Duba shi."

Ganyen nan kore shar, kamar yana jikin uwarsa. Malam ya juya shi a hannu, ya ɗauki kwalba ɗaya ya girgiza ya ɗaga ta wajen haske. Na ga zuciyarsa ta rabu biyu. Ya ce, "Na ji. Amma ba zan rubuta wa na sama da ni cewa akwati ya ce ta daskare, ganyen zogale ya ce ba ta daskare ba, ni kuma na bi zogale."

Na ce, "To sake danna mini abin nan, a hankali, in gani."

Ya riƙa dannawa ina kallo. Kujera a kife, ba sanda. Ya danna. Kujera a kife, da sanda. Ya danna, da sanda. Ya danna, babu. Ƙaramar lambar da ke bayan ɗigo tana ɗan canzawa, amma kujerar nan ba ta motsa daga wurinta ba tun daga daren jiya har safiyar yau.

Na ce, "Malam, mutum in zai sauka rijiya, ai sai ya bi ta tsakiya. Wannan firij ɗin daga huɗu na sama ya dira huɗu na ƙasa, ya sake dawowa, bai taɓa bi ta uku ko biyu ba? Sau nawa ya yi wannan tsallen? Sandar ce take ƙiftawa, sanyin yana nan inda yake."

Ya sake bi daga farko shi kaɗai. Sannan ya ɗauko waya ya kira Bilkisu. Da ya gama ya ce, "Zuwa la'asar. In ba a nuna mini a rubuce ba, zan binne, kuma ki ba ni makulli." Na ce na yarda.

Kafin azahar Bilkisu ta sauka daga babur da jakar kwamfutarta. Ta durƙusa ta gaishe mu yadda ya kamata, yarinyar tana da tarbiyya, amma da aka zo kan akwati sai ta tsaya kai da fata. Rubuta, Bilkisu, haka kika yi. Ta ce, "Inna, manhajar nan ta yi shekaru tana aiki a tsohon akwati. Ko harafi ɗaya ban canza ba. In ta ce akwai sanda, akwai sanda. Wataƙila firij ɗin ne yake fizga."

Ban yi musu da ita ba. Malam ya sake haɗa wani shayin a lokacin, yana kan tebur yana tururi. Na zaro wayar nan mai jin sanyi daga firij, na goge ta da gefen mayafi, na tsoma a kofinsa.

"Inna! Shayina!"

Na ce, "Bilkisu, sa shi ya auna yanzu."

Ta danna. Lamba babba ta fito, ba sanda. Ta sake dannawa. Sai ga 'yar sanda a kwance a gaba, shayi yana ta tururi a ƙarƙashin hancinmu.

Ardo ya zauna a ƙasa daɓas. "La'ilaha! Likita, shayinka ya daskare! Kada ka sha, haƙoranka za su zube! A kai shi rami a binne!"

Har Malam sai da ya yi dariya. Bilkisu kuwa ba ta yi ba. Ta jona kwamfuta da akwatin, ta shiga bin rubutu da ido. Can ta ce, "Ban ga kuskure ba. Wallahi daidai yake da na da."

Na jawo kujera na zauna kusa da ita. Na ce, "Gaya mini yadda yake gane sandar. Da Hausa, ba da yarenku ba."

Ta ce, "Inna, lamba mai ɗigo, irin huɗu da ɗigo uku, na'ura ba ta ajiye ta a wuri ɗaya. Gida huɗu take raba ta, a jere. Babban gida shi ke riƙe da alamar sanda, sauran suna riƙe da girman lambar, na ƙarshe kuma ɗan ɓurɓushin da ya rage. Ni kuma na rubuta cewa a je gidan farko a duba, in alamar tana tsaye, akwai sanda."

Na ce, "Na farko daga wane gefen?"

Ta ce, "Na farko dai, Inna. Inda jeri ya fara."

Na ce, "Ke dai saurara. A gidanmu a Kutama, in za a ɗaure maruƙa a dangwali, igiyar nan doguwa da ake jera su, babban maraƙi shi ne a bakin turken da ke kusa da ƙofar shinge, ƙarami can ƙarshe. Haka na tashi na gani, ko ido rufe zan kwance miki wanda kike so. Da aka kai ni gidan mijina a Gude, washegarin fitowata daga ɗakin amarci surukata ta ce in kwanto babban maraƙi in kai wa uwarsa a fara tatsa. Duhun asuba ne. Na je bakin turken ƙofa na kwance na farko, na kai wa saniya. Ta juyo ta shinshina shi, ta ɗaga ƙafa ta watsar da ni da ƙwaryar gaba ɗaya. Su a gidan nan daga ɗaya gefen suke fara jeri. Ɗan jinjirin da aka haifa shekaranjiya na kai mata."

Ardo ya ce, "Ina wurin! Kwana uku tana ɗingishi tana cewa ƙaya ta taka!"

Na ce, "Hannuna bai canza ba, abin da na sani bai canza ba. Gidan ne ya canza. Ke wannan sabon akwatin naki, ɗan gidan su tsohon ne?"

Bilkisu ta tsaya da hannu a sama. Ta buɗe wata takarda a kwamfuta, ta bi da yatsa, sai ta dafe kai. "Innalillahi. Inna, daga ƙarami yake farawa. Tsohon yana fara jeri da babban gida, wannan yana farawa da gidan ɓurɓushi. Ina aika shi gidan farko, yana dubo mini ɓurɓushi yana cewa sanda ce. Shi ya sa huɗu da ɗigo biyu ba ta da sanda, huɗu da ɗigo uku tana da ita. Jiya da na maƙala yana kan biyar da rabi, ita kuma ba ta da ɓurɓushi, shi ya sa na ga kore."

Malam ya matso. Ya ce, "Amma Injiniya, me ya kai ki leƙen gidaje? Me ya hana ki ce masa kawai in lamba ta gaza sifili ya kunna ja? Ai ko ɗan firamare ya san wannan."

Ta ce, "Da haka na fara, Malam. Amma akwatin yana taƙaita lamba kafin ya ajiye. In sanyi ya gota sifili da ɗan kaɗan, sai taƙaitawar ta mayar da shi sifili, amma sifili mai sanda. A wurin na'ura sifili biyu ne, mai sanda da marar sanda. In ka tambaye ta ko mai sandar ya gaza sifili, sai ta ce a'a, daidai suke. Ni kuma ina so in kama shi tun yana nan, don ya riga ya taka iyaka. Shi ya sa na je duba sandar da kaina."

Malam ya ce sifili biyu bai taɓa ji ba. Ni kuwa ban ga abin mamaki ba. Mutum biyu suna iya tsayawa a bakin ƙofa ɗaya, ɗaya ƙafarsa tana ciki, ɗaya tana waje. Niyyar yarinyar mai kyau ce, hanyar ce ta gidan wasu.

Na ce, "To yanzu sai ki ce masa ya duba na ƙarshe?"

Ta ce, "A'a, Inna. In na yi haka, ranar da aka sake canza akwati mu koma gidan jiya. Zan sa ya kwashe gidajen huɗu yadda suke ya zuba a mazubi ɗaya na lamba marar ɗigo, wanda shi da kansa ya san kansa da gindinsa, sannan in ce ya ba ni alamar da ke can ƙololuwa. Ba zan sake cewa na farko ba. Babban zan ce, duk inda gidan ya ɗaure shi."

Na ce, "Da surukata ta ce mini jan maraƙi mai farin goshi, da ban sha shuri ba."

Kafin ta gyara na ce a yi abu ɗaya. Na tura Ardo bakin titi ya samo ƙanƙara, yana tafiya yana mita wai shi Ardo guda an mayar da shi ɗan aike. Muka farfasa ta a kwano muka zuba gishiri, don ta wuce sifili sosai, muka tsoma wayar. Bilkisu ta danna. Da sanda. Ta sake dannawa. Babu sanda, waya tana tsakiyar ƙanƙara. Nan dariya ta ɗauke. Malam ya ce a hankali, "Ke nan da ta daskare da gaske, yana iya ce mana lafiya."

Gyaran kansa bai kai tsawon dafa shayi ba. Gwajin ne ya ɗauki lokaci, don na ce ban yarda da gwaji ɗaya ba. Ta jona tsohon akwatin da kwamfuta, tun da gilashinsa kawai ya mutu, ta ba su lambobi iri ɗaya su biyun: na sama, na ƙasa, masu ɓurɓushi, marasa ɓurɓushi, da sifilin nan guda biyu. Bakinsu ya zo ɗaya. Muka koma ƙanƙara, sanda ta tsaya ba ƙiftawa. Muka koma shayi, wanda zuwa lokacin Malam ya haƙura da shi, babu sanda ko sau ɗaya.

Saura abin da Malam yake jira. Bilkisu ta ce lambobin da akwatin ya ajiye tun jiya suna nan yadda ya ji su, wajen karanto su ne yake maƙala musu sandar ƙarya. Ta sa ya sake karanto su da sabon umarni. Malam ya riƙa dannawa, ni ina gefensa. Kujera a kife, kujera a kife, har ƙarshe, ko sanda ɗaya babu. Ta fitar masa da su a rubuce, ta rubuta abin da ya faru da hannunta, ta sa hannu a ƙasa cewa kuskuren nata ne. Ban sa ta ba. Tun ranar nake ce mata Injiniya da zuciya ɗaya.

Ana kiran la'asar Malam ya mayar da fitila kore. Ya dubi bakin zanena inda makulli yake, ya ce, "Inna, ki yafe ni."

Na ce, "Aikinka ka yi. Amma zoɓo dai ba zai shiga ba."

Ya ɗauko alƙalami ya je jikin dokar bango, ya ƙara layi a ƙasan ta farko, ya karanta mini: sai dai kwanon Inna da ganyensa. Ya ce, "Daga yau ba sai kin ɓoye shi a ƙurya ba, ki ajiye shi a gaba kowa ya gani." Ardo ya ce a ƙara da cewa a riƙa auna shayin Likita safe da yamma.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, ku ma ku ɗauka. Akwatin nan ba maƙaryaci ba ne, ɗan aike ne mai biyayya, inda aka ce ya je nan yake zuwa, ko da an canza masa gida bai sani ba. Masu rubuta masa umarni mutane ne irinmu, suna sabawa da gidan da suka tashi su zaci ko'ina haka ake jeri. Mai kirki a cikinsu shi ne wanda in an nuna masa zai dafe kai ya gyara, ya kuma sa hannu. Ku kuma masu tsaron firij, in fitila ta yi ja kada ku raina ta, in ta yi kore kada ku miƙe ƙafa. Ku nemi shaida ta biyu wadda ba ta jin yaren ta farko.

Laraba ina idar da sallar asuba na fito. Na bi ta bayan ɗaki na tsinko sabon reshen zogale. Na buɗe ƙofa, fitila kore, na ce mata na gani. Na buɗe firij na fara duba ganyen jiya, yana nan lafiya. Sannan na jera kwalabe a akwatunan sanyi na masu fita allura, na Gude daban, na Kutama daban, ina jin muryar Ardo daga bakin hanya yana tambaya ko tsohuwa ta tashi ko sai an zo da ƙanƙara. Da suka tafi na zubar da ruwan kwanon na sake sabo, na gicciya ganye. Na tsaya da shi a hannu ina kallon gaban firij, inda Malam ya ce in ajiye. Sai na durƙusa na zura shi can ƙurya ta baya, inda yake tun farko, don daga nan ƙanƙara take farawa. Na kulle, na ɗaure makulli a bakin zane.